Kafaɗar Hashim

"Ajiye farantin nan, Surayya. Ba shinkafarki ce ta taso ni daga Mahjar ba."

"To ki zauna mana, Ummu Hashim. Ana magana a tsaye ne kamar masu jiran bas?"

"A tsayen zan yi. Tun daga bakin ƙofa tambaya ɗaya na yi miki, kina ta kewaye kamar kazar da ƙwai ya matsa. Wa ya gaya musu?"

Mata ne cike a falon sun zo walimar cin wasan ƙwallo, kowacce da loma a hannu ta rasa bakin da za ta kai ta. Hajiya Mashael, maƙwabciyar Surayya ta hawan sama, ta lallaɓa ta kashe talabijin. Kada ku ɗauka ladabi ne. So take kada kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba ta tsince ta ba.

Wanda bai san asalin matan nan biyu ba zai ce kishin ƙwallo ne kawai. A'a. Mastura da Surayya bango ɗaya ya raba su a unguwar Karantina ta Jidda, bangon ma irin wanda in an yi atishawa a nan sai a ce yarhamukillah a can. Kusan tare suka haihu, Mastura ta sami Hashim, Surayya ta sami Badr. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da wannan, waccan ta shayar da yara biyu. Ranar da waccan ta tafi aikin gidan Larabawa, wannan ta rama. Har yau ba wanda zai rantse ga nonon da ya fi zama a cikin wane. Da rusau ya zo ya share unguwar, Mastura ta kwashi komatsanta zuwa unguwar Mahjar. Ita kuwa Surayya, mijinta Abdulghani ya dace da kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, mai sauƙin kai, suka haye bene a Aziziyya. Nisa bai raba su ba, don kullum waya na kunne har sai caji ya ƙare.

Yaran suka girma, sai Allah ya jefa su kwalejoji biyu da ba sa ga maciji da juna, wadda ake kira ta Teku da wadda ake kira ta Dutse. Duk shekara sai sun kara, kuma an daɗe 'yan Teku na lallasa 'yan Dutse har abin ya zama waƙa a bakin yara. Hashim ne mai tsaron ragar Teku. Badr shi ke cin ƙwallo wa Dutse.

To, ana saura 'yan makonni wasan bana, Hashim ya ɗauko wa uwarsa tukunyar gas, ƙafa ta zame a matakala, kafaɗar hagu ta goce. Yaro ya zauna yana kuka, kuma duk kukan na wasan ne, zafin bai dame shi ba. In koci ya ji, benci zai sha. Mastura ba ta yi wata-wata ba ta sa shi a tasi sai gidan Surayya, domin ita ta gaji hannun uwarta wajen gyaran targaɗe da gashi. Duk mutanen Karantina sun san ƙa'idar gidan tun zamanin tsohuwar: abin da hannu ya taɓa, baki ba ya faɗa. Matan aure sun kai mata ƙugu, maza sun kai mata baya a ɓoye, ba a taɓa jin labarin kowa a waje ba. Duk da haka Mastura ta ja ta gefe ta ce, "Ko Badr kada ya ji." Surayya ta dafa ƙirji ta ce, "Haba ƙawa, aib, abin kunya! Hashim ba ɗana ba ne?" Ta gasa shi da ruwan zafi da tawul, ta murza da man zaitun, ta yi ta yi har hannu ya fara ɗaguwa. Sai dai can sama bai kai ba tukuna.

Jiya da la'asar aka buga. Mastura tana ɓangaren mata da gorar ruwanta da carbi, ana ta fafatawa ba ci, Hashim yana kaɗe ƙwallo kamar mai korar ƙuda. Dab da tashi alƙali ya busa fenareti wa Dutse. Badr ya ɗauki ƙwallo. Kafin ma ya ajiye ta, sai ɗaukacin magoya bayan Dutse suka miƙe kamar an yi musu iƙamar salla, kowa ya ɗaga hannun dama yana dukan kafaɗarsa ta hagu, tas, tas, tas, suna ihu da Larabci, "Kitf! Kitf!" Wato kafaɗa, kafaɗa. Har da ganga.

Abin da ya hana Mastura barci shi ne wannan. Da Hashim ya ji ihun, bai kalli masu ihun ba. Juyowa ya yi ya nemi inda uwarsa take zaune, ya dube ta. Badr ya zabga ƙwallo sama ta hagu. Hashim ya tashi, yatsunsa sun taɓa ta, amma hannun ba ƙarfi, ta shige. Ya faɗo kan kafaɗar nan, aka fitar da shi a riƙe.

Daga nan gari ya rikice. Motocin 'yan Dutse suka cika titi da ham, samari rabin jiki a waje suna dukan kafaɗa. Kafin magariba bidiyon ya shiga wayar kowa, an ma sa masa kiɗa. 'Yan Teku kuma suka huce a kan Hashim: wasu su ce ya ɓoye ciwo ya kashe su, wasu su ce sayar da wasan ya yi wa ɗan'uwansa na nono. Koci ya ce kada ya sake ganin ƙeyarsa. Shi kuwa da ya dawo gida da hannu a rataye, kalma ɗaya ya yi wa uwarsa cikin Hausarsa mai ɗingishi: "Ummi, ke baki ba ya rufe." Ya shige ɗaki ya murza mukulli. Mastura dai, a faɗi gaskiya, Allah ya ba ta baki, a layin burodi ma sai ta ba da tarihin danginta. Amma wannan karon ko bango ba ta gaya wa ba.

Shi ya sa yau da azahar ta yafa abaya ta taho. Tun daga ƙofar benen ta fara cin karo da abin. Mai gadi yana shara yana dukan kafaɗa. Yara a matakala sun jeru suna yi, tas, tas, har da wata 'yar da ba ta gama iya tafiya ba.

"Wa ya gaya musu?" ta sake tambaya.

Surayya ta gyara ɗankwali. "Ni ina zan sani? Jidda ido gare ta. Wataƙila mai tasin da ya kawo ku ne. Ko wani ya ga yadda yake ɗaukar jaka."

"Mai tasin Bangali ne, ko kalar rigar Teku bai sani ba."

"To ko a wajen atisaye..."

"Kocinsa da ke tsaye a kansa kullum bai gane ba, sai masu ganga?"

Nan fa Hajiya Mashael ta ga ana neman a bar ta a baya. Ta ajiye ƙashin kaza ta ce, "Wallahi ni dai kada a kalle ni. Ranar da Ummu Badr ta gaya mini a saman bene muna shanya, ba wanda na faɗa wa sai 'yata Areej. Ita kuma Areej ba ta da bakin magana, sai dai a waya."

Wata ta ƙware da shinkafa. Surayya ta watsa wa Mashael harara irin wadda ke tsinka madara.

"Au," in ji Mastura a hankali. "A saman bene. Kuna shanya."

"Ƙawa, suɓutar baki ce. Ta ga tawul da yawa a igiya ta tambaye ni, na ce ɗana Hashim nake gasawa. Shi ke nan, halas. Na san 'yarta za ta yaɗa?"

Mastura ta ɗan sassauto. Suɓutar baki ai ta san ta, ita ma ƙawarta ce ta shekaru. Har ta fara laluben hannun kujera za ta zauna, sai ga Badr ya leƙo daga ɗakin maza, lambar yabo na reto a wuyansa, fuska sai ƙyalli. Da ya gan ta ya taho da sauri ya sumbaci goshinta.

"Ummi Mastura! Kin zo! Yaya Hashim? Ina kira, ina kira, ba ya ɗauka."

Ta riƙe haɓarsa kamar yadda take yi yana yaro in ya saci sukari. "Badr, dube ni. Masu ihun nan ne suka sa ka buga hagu?"

"La, la, a'a." Ya yi dariya, shi a dole ana yabon dabararsa. "Su bayan ni suka sani. Ni tun da daɗewa. Ummi ta ce, in fenareti ya zo, ka sa sama hagu, hannu ba ya kai can. Har ta nuna mini iyaka, nan." Ya ɗaga hannunsa daidai kunne ya tsaya.

Daidai kunne. Nan ne inda hannun Hashim ke tsayawa in Surayya ta ɗaga shi a kan tabarma tana cewa sannu ɗana, sannu.

Badr ya dubi uwarsa, ya dubi Mastura, ya ga fuskoki ba yadda ya bar su ba. Dariyar ta bushe. "Esh fi, me ya faru? Na faɗi wani abu?"

"Yalla, koma wajen baƙinka," in ji Surayya. Ya sulale.

Mastura ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba matan tsoro. "Kin auna shi, Surayya. Yaro ya kwanta a gabanki ya cire riga, kina murza shi kina auna inda za a buga."

"Kada ki mai da ni mayya a gaban mutane!" Surayya ta miƙe, hawaye da masifa suka taho tare. "Kin san shekara nawa Badr na dawowa gidan nan kansa a ƙasa? Kin san abin da yaran benen nan ke yi masa? Naki kullum a kafaɗun mutane, ana Hashim, Hashim. Sau ɗaya! Sau ɗaya na so in ga nawa an ɗaga shi. Na ce ƙwallo ce, za ta shiga raga, a tashi, kowa ya tafi gida. Na san zai faɗi a kanta? Na san za su yi rawa?"

"Uwarki ta gyara ƙafar mutumin da ya kai mijinta ƙara, ba ta taɓa faɗin wace ƙafa ba ce."

"Uwata ba ta da ɗa ɗan ƙwallo."

Hajiya Mashael ta ce, "Wannan kuma gaskiya ne," aka yi mata caa ta yi shiru.

Mastura ta ja numfashi. Ta dubi matar nan da suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka kwana kan katifa ɗaya ranar da aka rusa musu gidaje, ta ji har yanzu zuciyarta ba ta gama sakinta ba. Ta ce, "Na ji. Abin da ya wuce ya wuce, ƙwallo ba ta fitowa daga raga. Abu ɗaya nake so. Ɗauko abayarki da man zaitun ɗinki mu tafi Mahjar yanzu. Yaron nan tun jiya bai ci ba, bai buɗe mini ƙofa ba. Yana can yana ganin ni na tona shi. Ki tsaya a bakin ƙofarsa ki ce masa ke ce. Sannan ki duba kafaɗar. In kin yi haka, wallahi ba zan sake tayar da zancen ba har mu mutu."

Surayya ta dubi tukwanen shinkafa, ta dubi baƙi. "Yanzu? Ga mutane, ga abokan Badr ko ci ba su yi ba. Gobe insha Allah..."

"Yanzu."

Sai Surayya ta matso, ta kama hannunta, ta rage murya, ita a ganinta raɗa take yi, alhali ko cokali ba ya motsi a falon. "Ƙawa, ki yi tunani. In na faɗa masa, ya tsane ni har abada, ya tsani Badr. Kuma in ta fita cewa ni na ba da sirrin wanda nake gasawa, wa zai ƙara kawo mini ko ɗan yatsa? Ke kuwa uwarsa ce. Ɗa ba ya dogon fushi da uwa. Ki bar shi a haka, kwana kaɗan zai huce. Dama ai kowa ya san bakinki, ba wanda zai yi mamaki."

Mastura ta tsaya tana kallon hannun da ke riƙe da nata, hannu mai laushi, mai ƙamshin man zaitun. Ta zare nata a hankali, yatsa bayan yatsa, ta goge shi a jikin abaya.

"Ummu Hashim, tsaya in zuba miki ki tafi masa da shi, ko naman ne..."

Ba ta juyo ba. Ta tsallake takalman baƙi da suka cika ƙofa, ta zura nata, ɗaya ma ta taka bayansa. Ta fita, ta ja ƙofar da hannu biyu, ta maka ta garam, har agogon bangon Surayya ya karkace.