Ranar da Jagora Ta Makance

Ni, Souwaiba, ni na rubuta manhajar da direbobin Agadez ke kira Jagora. Taswirar hanyar arewa ce da rijiyoyinta, tana aiki ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Sai dai ɓangaren da ke zana taswirar a fuskar waya ba aikina ba ne. Na wani kamfani ne, a intanet na ɗauko shi, na cusa shi cikin fayil ɗin da ake sakawa a waya, don mutum ya danna sau ɗaya komai ya shiga. Ranar da na ɗauko shi wata doguwar takardar lisans, ta sharuɗɗan amfani da shi, ta fito. Na danna "J'accepte", wato na yarda, na wuce. Wa ke da lokacin karanta wannan?

A tasha aka dinga tura Jagora daga waya zuwa waya, ni kuwa kaina sai kumbura yake. Yayana Hamidu, mai kai mahaƙan zinariya daji, har ya daina ɗaukar Baba Illiya, tsohon da ya shekara talatin yana nuna wa motoci hanya. "Ƙanwata ta sa mini hamadar Tenere a aljihu," haka yake cika baki a gaban tsohon. Ni ma ina dariya, Allah Ya yafe mini.

Ranar Laraba da hantsi saƙon kamfanin ya shigo, cikin Faransanci mai ladabi. Abin da na ɗauko na gwaji ne, in ji su, na wata shida, kuma ba a yarda a haɗa shi cikin wata manhaja a raba wa jama'a ba. Ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu na rana wa'adin zai cika, kowane kwafi zai rufe kansa.

Nan take na tuna da yayana. Jiya-jiya Hamidu ya tashi da mutum ashirin da uku zuwa wajen Séguédine, kuma da bakinsa ya faɗa mini zai bar babbar hanya ya yanke ta inda babu sawun taya, tunda yana da Jagora.

Na kira wayarsa ta satelit ya fi a ƙirga, a kashe. Na rubuta wa kamfanin ina roƙo, aka amsa cewa za su duba cikin kwana biyar. To ko sun yarda yau, ta ina gyaran zai isa wayar da ke tsakiyar rairayi? Tsoro ya hana ni cin abinci. Da na rufe ido sai in ga jarkokin ruwa babu ko ɗigo.

Ranar Alhamis na ajiye girman kai na tafi gidan Baba Illiya. Na durƙusa na faɗa masa komai.

"Ɗiyata," ya ce, "abin da kika ara, mai shi ya ce ki bai wa wani?"

"A'a, Baba."

"Kin tambaye shi?"

"Ban karanta ba, Baba."

Bai yi mini gori ba, da ma ya yi. Ya ce matarsa ta ɗauko masa rawaninsa.

Sai Juma'a muka samu motar da za ta bi bayan su Hamidu. Rana ta take a tasha, ana ɗaure gangunan mai da na ruwa, tsohon ya hau gaba da kyar, yana riƙe da gwiwarsa. Ya leƙo ta taga.

"Wace rijiya abin naki ya nuna wa yayanki ya fara bi? In na san ta, na san inda zan tare shi."

Ban taɓa haddace sunanta ba, tunda kullum tana cikin waya. Na ciro wayar, na buɗe Jagora. Ƙarfe goma sha biyu da minti huɗu. Fuskar wayar fari fat, sai layi ɗaya a tsakiya: "Licence expirée", wato wa'adin lisans ya ƙare.

Baba Illiya yana jiran amsa, direba ya riga ya tada mota.