Ranar da Raudatu Ta Je Ganin Uwarta

Jinƙai ba ta taɓa shiga gidan kaso ba, ko ta ƙofarsa ba ta son bi. A farmasi take aiki a Sabon Gari. Da 'ya'yanta suka tafi karatu Yamai, gida ya yi mata faɗi, sai ta shiga wata ƙungiya mai haɗa manya da yaran da rayuwa ta yi wa nauyi. Babu albashi. Aikin shi ne ka riƙa zuwa, ka zauna da yaro, ka saurare shi.

Ita Raudatu aka ba ta, 'yar shekara goma sha uku, mai zama wajen gwaggonta Larai a Garin Malam. Uwar yarinyar, Wasila, tana tsare. Faɗa ne ya haɗa ta da maƙwabciya a bakin pampo, ta ture ta, matar ta faɗi kan dutse ta rasa ido.

Duk Asabar Jinƙai na zuwa. Su tsince zogale, su duba aikin lakwal, wato makaranta, wani lokaci su yi shiru kawai. Raudatu ba ta taɓa ambaton uwarta ba, sai wata rana, kanta a sunkuye, ta ce, "Tanti, in na ce ki kai ni wajen Inna, za ki kai ni?"

Jinƙai ta tuna da dokar ƙungiya. An sha gargaɗinsu kada su yi wa yaro alkawarin abin da ba ya hannunsu.

"Zan tambaya," ta ce. "Ban ce za a yarda ba."

Shugabar ƙungiya ta yarda, ta nemo musu izini. Larai ce ta ja. "Madam, ni na je sau biyu, uwar ta ce kada in kuskura in kawo ta. In yarinyar nan ta dawo da ciwon rai, wa zai kwana da ita? Ni ce fa." Daga baya ta sauke murya. "Ku je. Amma na faɗa miki."

Ranar ziyara suka hau adaidaita. Raudatu ta rungume kwanon dambun da ta dafa da hannunta. Jinƙai na ta addu'a a zuci. A ƙofar gidan kaso wani gardi ya buɗe kwanon, ya juya dambun da cokali, ya karɓi wayar salular Jinƙai, ya nuna musu benci a gindin itacen bedi inda wasu ke jira.

Aka kira na gabansu, aka kira waɗanda suka zo bayansu. Raudatu ta gyara hijabi, ta sake gyarawa. Can wata gardi mace ta fito, ta yafito Jinƙai gefe.

"Wasila ta ce ba ta fitowa. A bar abincin."

Jinƙai ta waiwaya. Yarinyar ta kafe su da ido, ta riga ta miƙe tsaye.

"Don Allah, in shiga ni kaɗai fa? Ko minti biyu."

Gardin ta ce wa Jinƙai ta biyo ta.

A wata 'yar rumfa ta tarar da Wasila, siririyar mace, ta ja mayafi har goshi. Ba ta amsa gaisuwa da kyau ba.

"Ke ce Kiristar da ke zuwa wajenta? Larai ta ba ni labari. Na gode. Amma ki mai da ta gida. Ba na son ta gan ni a nan."

Jinƙai ta shirya maganganu tun a hanya, duk suka gudu. Sai ta ce, "Maman Raudatu, ni ban san abin da zan ce mata ba. In na fita ni kaɗai, ba za ta ce wurin kike jin kunya ba. Za ta ce ita ce ba kya so."

Wasila ta juya fuska ga bango. Gardin ta duba agogo. Jinƙai ta fara tunanin yadda za ta tunkari bencin nan, da abin da Larai za ta ce, da ko yarinyar za ta sake yarda da wani babba.

"Ta yi tsawo?" Wasila ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Ta kusa kafaɗata."

Wasila ta share fuska da bakin mayafi. "A shigo da ita."

Da Raudatu ta shigo, ba wanda ya rungumi wani. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ina wuni," ta ajiye kwanon. Uwar ta dube ta sama da ƙasa, ta sa hannu ta zame mata hijabi.

"Wa ya yi miki wannan kitso? Dubi yadda aka ja miki gaban kai. Zauna nan."

Yarinyar ta zauna tsakanin ƙafafunta. Wasila ta fara tsefewa da yatsa, tana tambayar lakwal, da ko Larai na barinta ta yi barci da wuri. Raudatu na amsawa a hankali, hawaye na zuba, ba ta share ba. Jinƙai ta koma bakin rumfa ta ba su baya.

Rabin kai aka kitse lokacin da gardin ta ce lokaci ya yi. Wasila ta mayar mata da hijabin da kanta, ta miƙe, ta shige ciki ba ta waiwayo ba.

A hanya Jinƙai ta ce, "In mun isa sai Gwaggo ta ƙarasa miki kitson."

"A'a, a bar shi haka."

Sun kusa gida ta sake magana. "Tanti, in mun koma, za ta fito?"

"Ban sani ba, Raudatu. Amma zan sake neman izini."

Larai na tsaye a ƙofar gida tun kafin su sauka, tana leƙen fuskar yarinyar. Raudatu ta gaishe ta, ta wuce ciki ta ɗauki tulu.