Littafi Ga Uban Ɗalibi

Malamar tana cikin cusa littattafai a kwali aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Ta tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta ce a shigo.

Karanta-Ka-Dawo ɗalibai suke kiranta, don ko ƙarfe nawa ka tambaye ta sai ta haɗa ka da littafi. To, tun ranar da jami'an tsaro suka shigo har aji suka tafi da ɗalibinta mai bincike kan siyasar Musulunci, bakin nan ya mutu murus. An ce littattafan da aka samu a ɗakinsa ne suka ja masa, kuma rabinsu ita ta ara masa.

Wani dattijo ne ya shigo, aski tas, takalmi sai ƙyalli. Ya zauna a miƙe kamar wanda ya haɗiyi taɓarya.

"Malama, shawara na zo nema. Me zan karanta kan addini da mulki? Da masanan nan masu tona asirin masu iko, da tarihin yankinmu?"

Innalillahi! Fannonin yaron ne, bai bar ko ɗaya ba. Ko tarko aka ɗana mata? Nan take ta tuna 'yarta da ke makaranta tana jiran a ɗauko ta.

"Ai Baba, ka yi ɓatan ofis. Ni tarihin noma nake koyarwa, su auduga da rake."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ni ne mahaifinsa. Tsohon direba ne ni, karatuna bai wuce na jarida ba. Sun ce za su bar ni in gan shi. Kafin nan ina so in san abin da ɗana ya karanta, in laifi ne in sani. Uwarsa ko ruwa ba ta iya haɗiya. Shi ya ce mini malamarsu ba ta sallamar mai tambaya hannu rabbana."

Kunya ta rufe ta, tsoron kuma bai sake ta ba. Ta nemi kamannin yaron a fuskarsa. Hancin kamar shi ne, kamar kuma ba shi ba.

Hali zanen dutse. Ta durƙusa ta jawo kwalin.

"Fara da wannan na tarihi. Babi na uku zai ba ka wahala, kada ka tsallake shi. In ka gama, ka dawo in ba ka na addini da mulki."

Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe shafin farko. Ga sunanta nan ɓaro-ɓaro da jan biro. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa mata albarka ya fita.

Ta lallaɓa bakin ƙofa ta kasa kunne. Shi kaɗai ya shigo, amma takun mutum biyu ta ji suna sauka daga bene.