Inda Za a Binne Madarar Gudale

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo mini shi. Saniyarmu Gudale ta yi ciwon hantsa aka yi mata allura, sai masu tattara madara suka dawo mini da jarkata cike. Malamin dabbobi ya ce maganin ya shiga madarar, kada mutum ya sha, kada a ba maraƙi ko kare, a haƙa rami nesa da rijiya da rafi a binne. Inna kuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an zubar da madara a ƙasa a gidanmu ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Da wannan rigimar na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da jarkar a ka. Mutane na cin ciyawa a fili suna ta hira, shanu kuma na zaune a benci suna karɓar madara. Gudale ce mai dubawa. Ta gyara tabarau, ta ɗaga murfin ta shinshina.

"Wannan madarar ba ta da lafiya," in ji ta.

"Ai taki ce."

"Ba ka na yi, ban ce ka dawo mini da ita ba. Na gaba."

Na saɓi fartanya na nufi bayan gari. Na fara sara ke nan sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Rijiyar gidanmu ce, da gugarta da komai, ta tsaya tana kallona. Na ƙara gaba, ta biyo ni. Na sa gudu, ta tari acaɓa.

"Baiwar Allah," na ce, "an ce in yi nesa da ke."

"To yi mana. Ni rakiya kawai nake yi."

Raina ya ɓaci, don shekara da shekaru ina yashe ta, ban taɓa sanin haka take da naci ba.

Rafin garin a tsaye yake gudu, kamar an shanya zane. Kifaye suka fito suka yi layi, kowa da kofinsa. Babbansu, wani tarwaɗa mai carbi, ya matso.

"Malam Ɗalha, ɗan kaɗan dai, na shayi."

"Za ta kashe ku."

"Kullum haka ake ce mana," in ji shi, ya miƙo kofin.

Da ƙyar na sulale na sami wani fako, na haƙa rami mai kyau, na tuntsura jarkar. Madarar ta sauka, ta leƙa ciki, ta hau ta koma inda ta fito. Ramin ya tambaye ni ko na zo da izinin Inna. Na ce a'a. Sai ya rufe kansa, ya ce in dawo ranar kasuwa.

Ina juyawa na gan ni a tsakar gidanmu. Inna ta buɗe jarkar tana dama fura, duk unguwa an zauna an jera ƙore. A sahun gaba 'yata Hanne ce, ta hangame baki tana jira. Nan wasa ya ƙare mini, tsoro ya kama ni sosai. Na buɗe baki in hana, kukan bijimi ya fito. Na yunƙura, ƙafafuna sun nutse cikin kindirmo. Ludayin ya doshi bakin yarinyar, yana tafe yana ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na farka. Gari ya waye, ƙarar kuma ba ta daina ba. Na duba bakin ƙofa, babu jarka. Ko takalmi ban tsaya nema ba.

Can bayan danga na iske Inna ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana saran ƙasa, jarkar na gefe da murfinta a rufe.

"Inna, ke da kika ce ba a zubarwa?"

"Wa ya ce maka zubarwa zan yi? Kwana na yi ina tunanin yaran nan. Binnewa zan yi, da bismilla, yadda ake yi wa mai mutunci." Ta share gumi ta miƙo mini fartanyar. "Ƙarasa. Kuma ka yi a hankali, kada Gudale ta ji."