Takalman da Auta ta ɓoye

Tun da aka sallamo ni daga asibiti bayan tiyata, 'yata Auta take lallaɓa ni kamar ƙwai. Kada in sunkuya, kada in ɗaga ko buta. Ta rufe taga wai iska za ta kama ni. Barci kuwa ya ƙaurace mini. Sai in kwanta ido biyu ina kallon fanka tana juya zafi, na rame, raina a ɓace.

Ran da aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya same ni har gado.

"Zan leƙa lambu," na ce.

"Mama, likita cewa ya yi ki huta."

"Ai hutun zan je in yi."

Da ta fita aiki na duba bakin ƙofa, babu takalmana. Har silifas ɗin banɗaki yarinyar nan ta kwashe.

Dariya ta kama ni har ɗinkina ya amsa. Ita da ta tashi cikin safa, ina za ta san cewa ban taɓa shiga lambu da takalmi ba? Da tafin ƙafa ake jin ko ruwa ya ratsa ƙasa.

Na ɗauki sandata na bi bayan gidaje, ina tafe ina tsayawa. Taɓo mai sanyi yana kutsowa tsakanin yatsuna. Ciyawa ta fara leƙowa, bishiyar lemon da na dasa ta yi fure fari fat, ƙudan zuma sai hidimarsu suke, ba mai tambayata ko na sha magani. Na shimfiɗa mayafina a gindinta. Ban san sa'ad da barci ya sace ni ba.

Kuka ne ya tashe ni. Auta ce durƙushe a kaina, tana taɓa wuyana, takalman a hammatarta.

"Mama, na zaci kin..."

Ta ba ni tausayi, amma ban motsa ba.

"A ɗakin can ne nake mutuwa, Auta, ba nan ba."

Ta miƙo takalman.

"Ajiye su," na ce, na gyara kwanciya. "Cire naki ki zauna, ko ki koma gida. Ban gama barcina ba."