Hayaƙin Madafar Turai

Turai na tsaka da suyar ƙuli-ƙuli sai Hajiya Basira, matar maƙwabcinta, ta leƙo ta katanga.

"Sauke kaskon nan ki zo. Farfesa na kiranki."

Farfesa Ma'aruf, mijin Hajiya Basira, ya shekara talatin yana koyar da ilimin sinadarai a jami'a kafin ciwon zuciya ya dawo da shi gida Kusada. Aikinsa shi ne ya sa haske ya ratsa ta cikin iska, ya gane abin da ta ƙunsa. Ko da ya kwanta bai bari ba. Da damina ya sa ɗalibarsa, Dakta Ruƙayya, ta ɗibi hayaƙin madafar Turai a kwalabe ta tafi da shi, unguwa ta kwana biyu tana dariya.

Turai ta iske shi jingine da filo, ƙafafu sun kumbura, yana riƙe da takarda mai zane kamar haƙoran zarto.

"Sannu, Malam. Ya ƙarfin jiki?"

"Nawa ya gama aikinshi, Turai. Zancen naki za mu yi." Ya aza yatsa bisa layin da ya fi tsini. "Kowace guba da irin hasken da take shanyewa, ba ta iya ɓoye mani. Wannan ita kike shaƙa kullum. Tarin nan naki ba sanyi ba ne."

"Haba, Malam. Innata ma a hayaƙin nan ta yi ta suya."

"Shekara nawa ta yi a duniya?"

Turai ta sadda kai. Innarta ba ta kai hamsin ba.

"A fasa taga, a yi ma murhun bututu. Na riga na faɗa ma Sadisu magini. Ki ce mani to, in ji da kunnena."

"To, Malam."

"Madalla." Ya miƙa wa matarsa takardar, ya lumshe ido.

Ranar Laraba bayan la'asar ya cika. Mutanen Kankia da Kunduru suka zo, ɗalibansa suka ciko doguwar mota, har layin ya rasa wurin shimfiɗa tabarma. Turai ta wuni tana tuƙa wa baƙi tuwo, tana tari, tana share ido da bakin zane.

Washegarin addu'ar uku Sadisu ya yi sallama da diga a kafaɗa. Ta yi niyyar cewa ya bari sai an kwana biyu, sai ta kauce ta ba shi hanya.

Da ya gama, ta hura wuta, ta zauna tana murza tunkuza. Rana ta shigo ta sabuwar tagar, ta sauka a bayan hannuwanta.