Ƙodar Yaya Turai

Dakta Hannah ta goge man da ta shafa wa Rumasa'u a ciki, ta ce ta tashi zaune. Cikin ya shiga wata na uku, zuciyar ɗan tana bugawa yadda ake so, gwajin jini kuma ya nuna ƙodar na aikinta lafiya lau.

Shekara huɗu ke nan da aka yi wa Rumasa'u dashen ƙoda a Indiya, bayan nata biyun sun daina aiki. Lokacin da take zaryar wankin ƙoda al'adarta ma ɗaukewa ta yi, har ta cire rai da haihuwa. Bayan dashen sai jiki ya dawo daidai. Ita da mijinta Fu'ad suka yi haƙurin da likitoci suka ce a yi, aka canza mata ɗaya daga cikin magungunan da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙodar, domin na farkon yana illata ɗan tayi, sannan aka ce su gwada.

Likitar ba ta ɓoye mata komai ba. Jini na iya hawa, haihuwa na iya zuwa kafin lokaci, kuma asibiti zai zama kamar gidanta na biyu. Amma ta ce mata da yawa irinta sun sauka lafiya, suna nan da 'ya'yansu da ƙodarsu.

A mota ta kira Fu'ad, wanda injiniya ne a wurin aikin titin jirgin ƙasa a Idu. Cikin ƙarar injuna ta ji yana ta hamdala. Da ya gama sai ya tambaye ta ko Yaya Turai ta sani. Ta ce yanzu za ta je ta gaya mata.

Turai ce ta ba ta ƙodar. Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare a Mararaba, kuma ba a roƙe ta ba, ita ta kai kanta gwaji. Sau ɗaya Rumasa'u ta taɓa yi mata zancen haihuwa bayan aikin, Turai ta ɗaure fuska ta ce ga 'ya'yanta nan huɗu, ta zaɓi wanda take so, amma kada ta sake jefa kanta a wahala. Tun daga ranar Rumasa'u ba ta sake tayar mata da zancen ba.

Ba ta koma ma'aikata ba. Ta bi cunkoson Nyanya a hankali, tana kallon sababbin benayen da ke tsirowa gefen hanya kamar ana shuka su. Ko kiran da ogarta ta yi mata bai ɓata mata rai ba. Ta sayi ayaba ta taga, tana ci tana shirya maganar da za ta faɗa, tana rushewa.

Ta tarar da Turai a tsakar gida tana yanka alayyafo. Bayan gaisuwa ta zauna a kan turmi, ta faɗa a gajarce, idonta a ƙasa. Wuƙar ba ta tsaya ba.

"Na sani," in ji Turai. "Tun ranar suna a gidan Wakili. Aka ajiye miki farfesun kayan ciki kika kau da kai, ke da ba kya barin ko romo. Jira nake na ga yaushe za ki tuna kina da yaya."

Rumasa'u ta ce tsoro take ji, kada a ce ta yi wasa da abin da aka yanka mutum aka ciro saboda ita. Nan ne Turai ta ajiye wuƙar.

"Tawa tana nan a jikina, guda ɗaya, kuma ta ishe ni. Waccan ba aro na ba ki ba, Rumasa'u. Ba ƙodar nake ji ba, ke nake ji. Ni na zauna a kanki lokacin da ba kya gane mutane."

Turai ta ja gefen zane ta share ido, ta ce albasa ce, alhali ba a kai ga yanka albasa ba. Rumasa'u ta kwashe duk abin da likita ta ce ta gaya mata, mai daɗi da marar daɗi. Turai ta saurara, ta yi tambayoyi irin na mai gyara jarrabawa, sannan ta yanke hukunci: duk ranar awo ƙafarta ƙafar Rumasa'u, kuma daga yau an daina tuƙo mota cikin wannan cunkoso, ita za ta riƙa zuwa wurin Rumasa'u.

Ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Da ta fito tana riƙe da baƙar leda, ta zazzage ta a cinyar ƙanwarta. Hular jarirai ce ta saƙa, da safa ƙafa ɗaya, ɗayar tana kan kwarashi ba a ƙarasa ba.

"Ban san ko mace ko namiji ba, shi ya sa na sayi fari," in ji ta. "Riƙe min zaren nan, ya harɗe."